Kawu da Sandar da Aka Ce Tana Korar Hadari

Za ni fara da neman afuwa. Yawancin abin da za ni faɗa ya faru ne a farin da aka yi a farkon shekarun tamanin, kuma tun daga lokacin kaina ya ɗauki abubuwa da yawa ya zubar. Akwai abin da na gani da idona, akwai wanda aka yi ta ba ni labari har na ɗauka gani na yi, kuma ban iya raba su duka ba. Inda nake shakka, za ni ce ina shakka.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya rasu ana gab da faɗuwar damina, a ƙauyenmu da ke gefen Kurawa, bayan 'yar gajeruwar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata makwancinsa.

Ba a taru sosai wajen zaman makoki ba, saboda halin da hanya take ciki. 'Yan'uwanmu na Gatawa gaisuwa kawai suka aiko. Waɗanda suka zo sun zauna gindin dogonyaron ƙofar gida, duk wanda ya iso sai ya tsuguna ya ce, “Allah shi jiƙan mai sanda,” a amsa da amin. Wani dattijo da ke kusa da ni, bayan ya shafa fatiha, ya ƙara da cewa, “Allah dai shi na masanin abin da kowa yay yi.” Magana ce ta gaskiya, ba mai musunta. Amma na ji yadda ya ja ta, na kuma ga mutum biyu sun sunkuyar da kai. Mai yiwuwa zargi ne kawai irin nawa. A cikin gida kuwa babu wani rufa-rufa. Wata tsohuwa ta kama hannun matar Kawu ta ce, “Ina sandar? Kada a bar ta waje hwa, ga damina ta taho.”

Da za ni koma garin Isa, jikan Kawu da ke tuƙin mota tsakanin Sabon Birni da Isa ya ɗauke ni. A hanya ya ce mini har yau in ya faɗi gidansu a tasha, sai wani ya ce, “A'a, gidan mai korar hadari!” Yana dariya ya faɗa, amma bai dube ni ba.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Mutumin ya tafi, sunan da aka laƙa masa bai tafi ba, ya ma hau kan jikokinsa. Ban sani ba ko rubutu na iya cire suna. Amma ina ganin wajibi ne wanda ya ga abin ya faɗi abin da ya gani.

Kawu ya bar gida yana saurayi, a babban farin shekarun saba'in, tare da masu tafiya cin rani. Wasu suka kama sayar da ruwa, wasu gadi. Shi kuwa ya faɗa filin wasan da Turawa ke kira golf, wanda a rediyo ake ce wa ƙwallon lambu. Inna, wato mahaifiyata, ta ce a Kaduna ne, matarsa ta ce Jos. Wataƙila duka biyun ya yi. Ga wanda bai san wasan ba: ƙaramar farar ƙwallo ce ake bugu da sanda mai bakin ƙarfe, a bi ta cikin makeken fili har a jefa ta wani ɗan rami. Aikin Kawu ɗaukar jakar sandunan masu wasa. Ya sha faɗa mana cewa ranar farko bai ga wasa ba, ciyawa ya gani. “Ana ba ta ruwa, ɗana. Ciyawa kore shar, ba a ba ko akuya. Mu ko mun baro mutane na jiƙa anza, ɗiyan itacen daji, su ci don yunwa.”

Ba wanda ya koya masa bugu. Masu ɗaukar jaka ba a ba su darasi, sai dai in fili ya yi shiru a bar su su ɗan taɓa. Da kallo ya koya. Akwai ƙwararru da ke zuwa gasa lokaci-lokaci, mutanen da wasan ne abincinsu, akwai kuma wani Bayarabe ƙwararre da ke zaune a filin yana koyar da masu hali. Wannan Bayaraben shi ne makarantar Kawu, ko da yake shi bai san yana koyarwa ba. Da ya ga tsagen Gobirawa a fuskar Kawu sai wasan da ke tsakaninmu da su ya tashi. Kullum sai ya ce, “Bagobiri, bawana, zo ka ɗauki kayan ubangidanka.” Kawu ya ce, “Bawa dai kai na. Ni ina tsaye inuwa, kai kana dukan ƙasa cikin rana.”

Abin da Kawu ya tsinta a kallonsa ba ƙarfi ba ne, ba kuma yadda ake riƙe sanda ba. Saurin abin ne, ko in ce rashin saurinsa. Ga yadda yake faɗa, gwargwadon abin da na riƙe: “Masu kuɗi da sun ɗaga sanda, sai su sauko da ita awa an koro su. Shi ko Bayarabe nawa, a hankali shika ɗagawa awa mai ɗaukar jariri, shi kai sama, shi ɗan dakata, kana shi saki. Ka ce bai sa ƙarhi ba. Ƙwallo ko sai ta ɓace.” Ya ce kowa a filin ido na bin ƙwallo, shi mutumin yake kallo: kafaɗa, ƙugu, da lokacin da ƙafar baya ke ɗagawa. Da yake aikinsa ne ya ga inda ƙwallo ta faɗa, wannan hali ya sha jawo masa faɗa. “Na ɓatar wa mutane ƙwallo ba iyaka,” in ji shi, ba tare da wata nadama ba.

Ya kuma lura Bayaraben na yin wani ɗan gunguni a maƙogwaro in zai yi bugu, wata 'yar waƙa ta yarensu, yana ɗaga sanda da farkonta, yana saukewa da ƙarshenta. Kawu ya kwashe har da waƙar, bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba. A ganinsa ita ce linzamin hannu.

Sandar da ya dawo da ita tsohuwa ce, an naɗe mariƙinta da robar tayar keke. Ya ce Bayaraben ne ya ba shi. Na ji masu cewa ɗaukowa ya yi. Ba ni da shaida ta kowane ɓangare, amma ban taɓa kama Kawu da ƙarya a wani abu ba, kuma ban ga abin sata a sandar da robar taya ke riƙe da ita ba.

Ya dawo gida ne bayan rasuwar kakanmu, Inna ta aika masa cewa gona ba ta da mai ita. Bai dawo da niyyar zama ba. Ana maganar za a gwada masu ɗaukar jaka da suka iya bugu, wanda ya ci a mai da shi mataimakin mai koyarwa. Kawu ya sa rai. Nufinsa ya yi damina ɗaya, ya cika rumbu, ya koma. Saboda haka bai yarda hannunsa ya manta ba.

Da yake babu ƙwararren da zai kalla a ƙauye, sai ya koma kallon mutane. Ya tsaya yana duban mata na daka, ya ce wa Inna, “Waccan ta iya, tana barin taɓarya ta sauko da kanta. Waccan ko hwaɗa taka yi da turmi.” Ya tsaya bakin rijiya yana kallon masu jan guga. Direban da ke kawo mu daga Isa ma bai tsira ba: “Wanga yaro na da gaggawa a sama.” Haka yake cewa ga duk mai garaje, ko a magana ne, ko a cin tuwo. Mutane suka fara jin nauyin idonsa tun kafin a kai ga maganar hadari. Ba kowa ke son a tsaya ana kallon yadda yake ɗaga hannu ba.

Ni a lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a Isa, ina zuwa gida in na sami mota. Saboda haka wasu abubuwan na tarar da su ne sun riga sun nuna.

Damina ta zo ba ta zo ba. An yi ruwan shuka, gero ya fito, sai sama ta ɗauke. Kullum bayan la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska mai sanyi ta taso, mata su fara kwashe shanya, sai ya watse. Wanda bai taɓa tsayawa ya ga haka ba, da yara a gida da rumbu wayam, ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Ba ina kare kowa ba ne. Ina faɗin yadda zukata suke.

A wannan lokacin ne Kawu ke fita fadamar da ta bushe, bayan la'asar, don sai sannan rana ke sassautawa. Yana fuskantar gabas, don ranar ta kasance bayansa. Ba shi da ƙwallon Turawa, sai ya tara ƙwallon goruba a aljihu. Ya ajiye ɗaya a ƙasa, ya ɗaga sandar ƙarfe a hankali har ta nuna sama, ya dakata, bakinsa na motsi da yaren da ba wanda ya sani, sannan ya saki wajen da hadari ke haɗuwa. Na rubuta wannan kamar yadda mai wucewa zai gan shi, da gangan, don a yi wa kowa adalci.

Wanda ya fara magana shi ne Baffa, ƙanen mahaifina, wanda gonarsa ke bakin fadamar. Bai ce Kawu na korar hadari ba, aƙalla da farko. Cewa ya yi, “Ni dai na ga hadari ya taho. Na ga mutum ya nuna shi da ƙarhe, shina surkulle. Na ga hadari ya koma. Ban ce komi ba.” Ya yi ta faɗin cewa bai ce komai ba, a bakin masallaci, a kasuwa, a wajen rijiya, har maganar ta gama gari.

Inna ce ta fara ɗaukar mataki. Ta ɗauke sandar ta jefa cikin rumbu. Ina gida ranar. Kawu ya shigo yana dube-dube.

“Yaya, ina sandata?”

“Akuya ta cinye.”

“Yaya.”

“Kai ko kunya ba ka ji? Mutane na auna garin rogo da murhin kwalba, kai kana fadama kana dukan iska. Ka san abin da aka cewa?”

“Na ji. Ke kin yarda?”

“Ni na goye ka, na san ko kaza ba ka iya kora. Amma ba ni ɗai ag garin ba. Jiya na tahi rijiya, mata sunka yi shiru awa an yi mutuwa.”

“To in na bari, ba sai su ce ashe gaskiya na ba?”

“In ba ka bari ba su ce mi?”

Ya leƙa rumbu, don babu wani wurin ɓoyo a gidan, ya zura jiki ya ɗauko ta. Da ya sauko ya ce, “Ko ƙwaya babu ciki, Yaya.” Ta ce, “Yau kas sani?” Kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba, amma ba ta fasa aika masa da ɗan abin da aka samu ba.

Da aka sa ranar roƙon ruwa, wasu suka ce ba za su fita sahu ɗaya da shi ba. Wasu matasa suka fara maganar a fitar da shi daga garin. Wannan na ji da kunnena. Liman, mutum mai sanyin hali wanda ya karantar da rabin garin, ya ƙi yarda a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Ya tara mutane a ƙofar gidansa da hantsi, aka kira Kawu da sandarsa.

Liman ya fara da cewa ruwa na hannun Allah, duk wanda ya ɗauka wani ɗan Adam na iya tsare shi, ya binciki imaninsa. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na sa baki, na ce farin ya kama har cikin Nijar, inda ba mai sanda. Wani ya ce, “Mun ji, malamin boko. Mu hadarinmu muka magana.” Daga nan Liman ya juya ga Kawu.

“Mi kaka karantawa in ka ɗaga ta?”

“Waƙa ta, Malam. Ta Yarbawa.”

“Mi taka cewa?”

“Wallahi ban sani ba.”

Wurin ya ɗauki gunaguni. Ina jin da ƙarya ya yi, ya ce waƙar noma ce, da abin ya fi sauƙi. Baffa ya ce, “Kun ji. Mutum na hwaɗin abin da bai sani ba, shina nuna sama.”

Kawu ya ce a ba shi dama ya nuna musu, su ga wasa ne. Liman ya yarda. Aka buɗe masa fili wajen gabas, inda babu gidaje. Ya fitar da ƙwallon goruba ya ajiye, ya gyara tsayuwa. Na sha ganinsa yana bugu a fadama, kuma zan iya rantsuwa, a'a, za ni dai ce na tabbata, goruba na tashi daga sandarsa har ido ya rasa ta. Ranar nan sai ya ɗaga sandar da sauri, bai dakata a sama ba, bai yi waƙa ba, ya sauko da ita kamar mai saran ice. Ƙarfen ya daki ƙasa, ƙura ta tashi, ya yi tangaɗi saura kaɗan ya faɗi. Goruba na nan inda take.

Sai wani Bafulatani abokinsa, wanda shanunsa suka kusa ƙarewa a farin, ya ce, “Wanga shi ka korar hadari? Ko goruba ba ta ji tsoronai ba.” Wurin ya fashe da dariya. Mutanen da suka yi watanni ba su yi dariya ba suka yi ta har da hawaye. Maganar kora ta mutu a wurin. Liman ya yi amfani da damar ya ce, don zukata su kwanta, a bar sandar a ɗakinsa har kaka. Kawu ya miƙa ta da hannu biyu. Washegari ya fita roƙon ruwa cikin sahu, ba wanda ya matsa daga kusa da shi.

Da nan labarin ya tsaya, da yau ban yi wannan rubutu ba. Amma ba a daɗe ba aka yi ruwa. Ba mai yawa ba ne, bai ceci geron ba, ya dai isa a sake shuka wake da ɗan abin da ya samu. Waɗanda suka yi dariya suka fara lissafi: an kulle sanda, an yi ruwa. Ba wanda ya ƙara tunkarar Kawu, amma sunan ya zauna. An yi ruwan a Isa ma, an yi a Gatawa. Na faɗa a lokacin, na sake faɗa. Ba a yi mini musu ba, ba a kuma saurare ni ba.

Ga wani abu da nake so a sani. Da aka yi ruwan nan, Baffa na kwance da ciwon baya, 'ya'yansa maza sun tafi cin rani. Ƙasa ba ta jiran mai ciwo. Kawu ya gama tasa shukar, ya saɓa sungumi ya shiga gonar Baffa, matar Kawun na biye tana jefa iri. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin sara mai daidaito irin wannan ba, kamar sungumin ne ke tafiya da shi. Da aka gaya wa Baffa, bai aika godiya ba. Sai ma ya aika wa Liman, ya zo ya tofa addu'a a kusurwoyin gonar. Labari ya koma wa Kawu. Ya ce, “Addu'a ba ta ɓata wake.” Shi ke nan abin da ya ce.

Bai koma birni ba. Da kaka ta yi aka mayar masa da sandarsa, amma babu abin da za a bar wa gida, kuma labarin gwajin masu ɗaukar jaka ya shiririce. Ko an yi shi ba shi, ko ba a yi ba sam, ban sani ba. Ya ci gaba da bugu, amma da rani kawai, yana fuskantar yamma, rana na dukan idonsa. Da hadari ya fara haɗuwa sai ya rataye ta. Ba wanda ya sa shi. Na taɓa ce masa wannan kamar amsa laifi ne. Ya ce, “Ina da ɗiya mata da za a aura, ɗana.”

Kallon ƙwararru kuwa bai bar shi ba har tsufa. Da gidajen kallo suka zo Isa, ya kan zo ranar kasuwa ya roƙi mai gidan ya juya masa tashar ƙwallon lambu kafin a fara ƙwallon ƙafa. Samari su yi ta tsiya: “Baba, wanga wasa ko barci?” Ya ce, “Ku dai ku duba kahwaɗar mutumin.” Daga baya na riƙa sauko masa da bidiyo a waya in kai masa. Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya sa ni in maido bugu ɗaya ya yi ta kallo. Bai taɓa tambayar sunan kowa ba, bai damu da wanda ya ci ba. Sai ya miƙe da sandar dogarawa, ya gwada a tsakar gida, ya ce har yanzu yana gaggawa a sama. Yana da shekarun da ko tsugunawa sai an taimaka masa, yana gyaran bugu.

Shekaru ina da wani zargi a raina, cewa ranar ƙofar gidan Liman da gangan ya kuskure. Mutumin da ya fi kowa ƙyamar gaggawa, a ce ranar da ya fi bukatar natsuwa ya yi irin bugun da yake yi wa masu kuɗi dariya a kai? A zuwana na ƙarshe kafin ya kwanta, muna kallon wani ƙwararre a waya, ga jama'a sun kewaye shi, sai mutumin ya yi garaje, ƙwallo ta faɗa daji. Na ga dama ta samu.

“Kawu, ranar nan da gangan ka yi?”

Bai ɗauke ido daga wayar ba. Ya nuna mutumin da haɓa ya ce, “Shi ma kallonai aka yi.” Ya ce in maido masa bugun. Ban san ko amsa ce ba. Na juya ta ta kowace fuska, tana iya zama i, tana iya zama a'a.

Bayan an tashi daga makoki na je wurin Baffa. Ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma kai na nan daram. Na gaishe shi, na zauna ƙasa, na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce jikokin mamacin na ɗauke da sunan nan, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka fara maganar. In ya faɗi kalma ɗaya bayan sallar Juma'a, za ta fi duk abin da za ni rubuta.

“Ruwa na Allah na,” in ji shi. “Wa ka musu?”

“To ka faɗa a masallaci, Baffa.”

“In hwaɗi mi? Ni ban taɓa cewa komi ba.”

Ya ci gaba da murza carbi. Na fara shirin sallama, sai ya ce, “Amma kai ɗan boko, bari in gaya maka abin da ba ka gani ba. Ranan nan ni ak kusa da shi. Kahin shi ɗaga sandar, ya dube ni. Da gangan yak kuskure.”

Na ɗauka mun zo wuri ɗaya. Na ce, “To ka gani, Baffa. Ya zaɓi a yi masa dariya don gari ya zauna lafiya.”

Ya girgiza kai a hankali. “Kai dai yaro na. Wanda ba shi da abin ɓoyo, mi za ya sa shi ɓoye hannunai?”

Na fito ban sami abin da na je nema ba. Da ya buga gorubar ta tashi, da an ce ga ƙarfin. Da ya kuskure, an ce ga ɓoyon. Na yi ta tunani a mota, ban gano abin da Kawu zai yi ranar nan ya fita ba.

Na cika wannan rubutu da “wataƙila” da “ban sani ba”, haka halina yake, kuma haka gaskiyar abin da na riƙe take. Amma akwai guda ɗaya da ba za ni sa wa wataƙila ba. Kawuna bai kori hadari ba. Mutum ne da ya ga wani abu mai kyau a hannun wani, ya ƙare rayuwarsa yana son hannunsa ya yi irinsa. Duk mai kiran jikokinsa da wancan suna, ya sani yana ɗora wa mamaci abin da ba shi da bakin karewa.

Sauran kuwa ina roƙon gyara. In akwai wanda ya ɗauki jaka tare da shi, ya gaya mini ko Kaduna ce ko Jos. In na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ya yafe mini, ya aiko da daidai. Musamman waɗanda suka tsaya a ƙofar gidan Liman da hantsin nan, na san akwai sauranku a Sabon Birni da Isa da ƙauyuka. Ku aiko mini da abin da idonku ya gani, ba abin da aka ce ba. Ko da ya saɓa wa nawa, za ni rubuta shi yadda kuka faɗa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya yafe mana abin da muka ɗora masa.